Layin da Injiniya Ya Zaɓa wa Ɗansa

Sana'ata dillancin gidaje, kuma na daɗe a cikinta har kaina ya yi fari. Mutum ya buɗe baki sau ɗaya, na san abin da ke tafe da shi. Wani ruwan famfo ne damuwarsa, wani wutar lantarki, wani kuwa so yake mota ta shiga har tsakar gida, alhali ko keke bai mallaka ba tukuna. Akwai wanda ya taɓa ce mini in nemo masa gida nesa da surukarsa, ko a bakin bola ne ya yarda. Duk na saba da irinsu. Amma mutum ɗaya ne ya ba ni wahalar da har yau ban ji haushinta ba, wani dattijo mai gyaran keken ɗinki da ake kira Injiniya. Bara ya rasu, Allah ya jiƙansa, kuma tun daga lokacin labarinsa yake ci mini rai, shi ya sa na ce bari in faɗa ko na samu sauƙi.

Injiniyancin nasa ba na makaranta ba ne. Teloli ne suka liƙa masa sunan, shi kuma ya karɓa ba musu. Gajere ne, kafaɗarsa ta hagu ta sauko saboda rataya jakar kayan aiki, kuma duk wankin da za a yi wa rigarsa, warin man keke ba ya barinta. Ƙuruciyarsa kaf a yawo ya ƙarar da ita, daga shagon wannan tela zuwa ɗakin waccan matar da kekenta ke tsinka zare. Ba ya kwance keke sai ya sa mai shi ya taka, ya kasa kunne ya ji ƙararsa tukun. In ya gama gyara, sai ya yi ɗinki a kan tsumma, ya ja shi da ƙarfi a gaban idonka, sannan ya miƙa maka. Magana kuwa, sai ka matsa masa kafin ka samu.

'Ya'yansa biyu suka rayu. Macen ta yi aure can sabuwar unguwa a bayan gari. Namijin shi ne babba, kuma saboda shi aka yi duk abin da aka yi. Yana goye zazzaɓi mai zafi ya kama shi har da shiɗewa. Ya tashi, amma hankalinsa ya tsaya a na ƙaramin yaro, jiki kuwa ya yi ta girma abinsa. Lokacin da na san su, ƙato ne mai gemu, ya fi uban tsawo nesa ba kusa ba, amma ba ya iya jera maɓallin riga daidai, ba ya iya tsallaka titi shi kaɗai. Ba ya duka, ba ya zagi. Abinsa ɗaya gaisuwa. Duk wanda ya gani sai ya gaishe shi, ya tambayi mutan gida, ya tambayi yara, ko da bai taɓa ganinsa ba a duniya. Uban yana kiransa Babana, don sunan kakansa ya ci.

A gidan haya suka yi zamansu tun farko, uwar ce ke kula da shi in uban ya fita. Da ta rasu, mai gidan kuma ya ce yana son gidansa, sai Injiniya ya sayar da 'yar gonar da ya gada, ya haɗa da abin da ya ɗan tara, ya zo rumfata da ɗan nasa a bayansa.

Ya ce, "Dillali, gida nake so in saya a cikin tsohon gari."

Na ce, "Ɗaki nawa, Baba?"

"Ko biyu sun isa."

"Ruwa fa? Wuta? Hanyar mota?"

Ya girgiza kai. "Duk ba su dame ni ba. Unguwa na zo saye. Gidan, ko yaya yake zan zauna."

Na yi dariya, na ce ai ni ban taɓa sayar da unguwa ba. Shi bai yi dariyar ba. Ya waiwaya ya kalli ɗansa, wanda a lokacin ya tare wani mai tura baro yana tambayarsa ya ya baro mutan gida. Sannan ya sassauta murya ya ce, "Ni ba zan dawwama ba. Ran da na kwanta dama, ina so yaron nan ya fito ƙofar gida ya tarar da mutanen da suka san shi. Ƙanwarsa za ta ciyar da shi, ta tufatar da shi, wannan ba na shakka. Amma ba za ta iya zame masa mutanen layi ba. Shi kuwa in ba mutane, ba ya rayuwa."

Na ce na ji. Gaskiya ban ji ba, na ɗauka irin maganar nan ce da ake yi kafin a fara tayi.

Gidan farko da na kai shi, shi ne mafi kyau a hannuna. Titi da kwalta, magudanar ruwa a rufe, famfo a tsakar gida, rufin kwano sabo fil. Ina ta zuba bayani ina laluben mukulli, sai na ga mutumin ko kallon ƙofar bai yi ba. Ya jawo ɗansa, ya gyara masa wuyan riga, ya ce, "Babana, ka ga wancan turken wutar? Je ka har can, ka dawo. A hankali." Ni kuma ya kama hannuna ya ja ni bayan wata mota da aka ajiye, muka laɓe kamar ɓarayin kaji.

Yaron, wato ƙaton, ya tafi yana gaisuwa dama da hagu. Bai kai rabin layi ba yara suka biyo shi suna tafi, ɗaya ya ja masa riga ta baya, wani ya wurga ɓawon lemo. Akwai manya a kan benci a bakin wani shago. Suka bi abin da ido, ɗayansu har da riƙe ciki don dariya. Da ya dawo, Injiniya ya kakkaɓe masa baya ya ce mu tafi.

Na ce, "Haba Baba, yara ne fa. Ko'ina haka suke."

Ya ce, "Ban kalli yaran ba. Na kan benci na kalla. Ba wanda ya tsawata."

Haka muka shiga yawo. A wata unguwar ba wanda ya taɓa shi, amma gaisuwar da fatar baki ake amsawa, wata mata ma ta janye ɗanta ta maida ƙofa ta sa sakata. A wata kuma wani mai kirki ya zura hannu aljihu ya danƙa masa sadaka, ko fuskarsa bai kalla ba. Wannan ta fi yi wa Injiniya ciwo. Ya fito daga maɓoyarmu, ya karɓi abin daga hannun ɗansa, ya bi mutumin ya mayar masa, ya ce, "Ya gode, amma ba bara ya fito ba."

Ni fa na gaji. Takalmina ya buɗe baki, abokan sana'a suka samu abin tsokana, in sun hango ni sai su ce ga shugaban masu jarrabawa nan. Matata ma ta ɗauka. In na dawo na zube a kan tabarma sai ta ce, "Yau kuma wace unguwa ce ta faɗi?" Sau da yawa na yi niyyar in ce masa ya nemi wani dillalin. Amma duk sanda na ga yadda yake leƙowa daga bayan katanga, yana bin ɗansa da ido, leɓensa na motsi, sai in fasa.

Layin da ya zaɓa a ƙarshe, ban yi niyyar nuna masa ba. Wani lungu ne a bayan babbar kasuwa, siriri, mutum biyu da ƙyar suke giftawa in ɗaya na ɗauke da kaya. Kwata a buɗe take bi ta tsakiya. Gidajen duk tsofaffi, suna jingine da juna. Wanda ke hannuna a wurin ya daɗe ba mai so, don katangar gabas ta tsage tun daga sama, danshi kuma ya ci gindin ɗakunan har fenti na zubowa. Hanya ce kawai ta biyo da mu, na ambata masa don kada a ce ban faɗa ba. Ya tsaya, ya gyara wuyan riga, ya tura ɗan.

A bakin layin akwai wani tsoho mai aski a ƙarƙashin rumfa, yana kan yi wa wani gyaran fuska. Ɗan Injiniya ya tsaya ya gaishe shi. Tsohon ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Lafiya lau. Zo nan, dogo, riƙe mini madubin nan, hannuna ya gaji." Ya karɓa da hannu biyu. "Ɗan sauke mana! Ƙeyarsa za ka nuna masa, ba sararin sama ba. Yauwa, haka." Da aka gama, mai askin ya karɓi madubinsa ya ce Allah ya yi albarka, ya ci gaba da harkarsa.

Gaba kaɗan, wata tsohuwa ce zaune a ƙofar gidanta da 'yar tireda, sabulu da ashana da allura. Garin gaisuwa ya taka mata gefen tabarma da takalmi. Kai, ashe ya taɓo masifa. Ta ce, "Kai! Ƙato da kai ba ka da ido ne? Cire takalmin nan ka zauna ka gaishe ni yadda ake gaida manya!" Ya cire, ya zauna, ya gaishe ta. Ta tambaye shi ɗan gidan wane ne, ya ba ta amsar da ba ta da kai, ta kalle shi ta ɗan jima. Sai ta tura masa bokiti ta ce, "To tunda Allah ya ba ka ƙarfi, ga famfo can, ɗebo mini."

Na ce a raina shi ke nan, wannan layin ma ya faɗi, tunda har da faɗa. Na juya in ce mu tafi, sai na ga Injiniya ya cire gilashinsa yana gogewa da bakin riga, idanunsa sun kawo ruwa.

Ya ce, "Tun da uwarsa ta rasu ba wanda ya yi masa faɗa sai yau. Dillali, nan ne."

Na yi aikina. Na nuna masa tsagar katanga har na zura yatsa a ciki. Na nuna masa danshin, na ce da damina sai ya ɗora gado a kan bulo. Na ce masa kasuwa tana bayan katangar nan, kuma kasuwa ba ta ƙoshi, kullum ƙara cin unguwa take. Ya ce, "Kalli mutanen nan da kyau. Waɗannan ba masu sayar da gidan iyayensu ba ne." Ya ƙara da cewa, "Kuma ka ga ko yaro ɗaya ya bi shi?" Ban gani ba kuwa. Layin tsit yake, ba ihu, ba guje-guje, sai tari da gyaran muryar tsofaffi. Ya biya, suka tare.

Shekarun da suka biyo baya, in har akwai daɗi a rayuwar Injiniya, to su ne. Ƙafa ta fara yi masa nauyi, sai ya daina yawo, ya maida ɗakin gaba wurin aiki. In ka leƙa, kawunan kekuna ne jere a ƙasa, bel-bel rataye a ƙusa, gwangwanin madara cike da ƙananan sukurori, shi kuma a kan 'yar kujera a bakin ƙofa inda haske yake, ya kifa kan keke a cinya. Daga nan yana hango layin tun daga rumfar mai aski har kwanar ƙarshe.

Ɗan kuwa ya zama ɗan kowa. Da safe sai ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ya ƙwanƙwasa, ya tambayi yadda aka kwana, ya leƙa ko an share ƙofar gida. Wani tsohon tela da ke maƙwabtaka da su ne ya ce, "Wannan ai Sufeto aka kawo mana," sunan kuwa ya bi shi. Sufeto ne mai riƙe madubi, Sufeto ne mai ɗebo wa Iya mai tireda ruwa, shi ne mai zura wa Tela zare a allura da idon Tela ya yi rauni, don abin mamaki wannan ya iya shi sarai. Ana aikensa, yana ɓata aiken, ana yi masa faɗa, ana sake aikensa. In aka ce ya sayo ashana ya dawo da sabulu, Iya sai ta ce, "Ni dai na shiga uku da wannan miji nawa," shi kuma ya yi ta ƙyalƙyala dariya. Ran da ya yi zazzaɓi bai fito ba, kafin rana ta ɗaga tsofaffi sun cika ɗakin gaba suna tambayar ina Sufetonsu.

Nakan biya in gaishe su in hanya ta kawo ni. Wata rana Injiniya ya nuna mini ɗansa can zaune tsakanin mai aski da Tela, ana hira yana tsoma baki inda bai dace ba. Ya ce, "Ka gani? Yanzu ko yau aka kira ni, na shirya." Ranar ce kaɗai na taɓa jin ya yi dariya da sauti.

Ba shi aka kira ba. Tela aka fara kira.

A wurin zaman makoki na ga 'ya'yan Tela a karon farko, manya ne da iyalansu, kowa ya zo daga sabuwar unguwarsa. Sun yi kuka, sun karɓi gaisuwa, amma ba wanda ya yi sha'awar komawa lungu mai kwata a tsakiya. Magada da yawa, gida ɗaya, sai a sayar a raba. 'Yan kasuwa kuwa dama suna nan sun zura ido. Irin wannan cinikin manyan dillalai ke yi, masu ofis da fanka, irina ba a ko gaya mana. Ba a daɗe ba aka rushe gidan, aka tayar da sito mai ƙofar ƙarfe, ba taga ko ɗaya.

A nan ne abin ya bayyana, ga shi dai a fili tun ranar farko. Layin bai rasa yara masu jifa don tarbiyya kaɗai ba. Yaran ne babu. Duk wanda ya tasa ya fita, aka bar tsofaffi suna gadin ɗakunan da aka haife su. Injiniya ya yi gaskiya, mutanen nan ba su sayar da gidan iyayensu ba, ko ɗaya daga cikinsu. Sai dai duk waɗanda ya zaɓa su riƙe masa ɗa bayan ransa, sa'o'insa ne, wasu ma sun girme shi. Shekaru ya yi yana duba halin mutane, bai taɓa tsayawa ya duba furfurarsu ba.

Daga Tela sai wani tsoho na kwanar ƙarshe, sai wasu tsofaffi mata biyu 'yan gida ɗaya da suka bi juna a cikin damina guda. Kowane gida hanyarsa ɗaya: makoki, magada, rusau, ƙofar ƙarfe. Da sitocin suka yi yawa, masu su suka haɗa kai suka yanke gaban gidajen da suka saya, suka faɗaɗa layin, aka rufe kwatar da kankare don manyan motoci su shiga. A ido layin ya gyaru. Ni da na san darajar ƙasa, na san gidan Injiniya mai tsagaggiyar katanga ya zama abin da ake rububi. Masu saye suka yi ta sintiri a ƙofarsa, yana sallamarsu da hannu ba tare da ya ɗago daga kan keke ba.

Mai aski ya rasu da aska a aljihu, a kan kujerarsa, yana jiran mai zuwa gyaran fuska. Sufeto ya bi gawar tare da mutane, ya dawo, washegari kuma ya je rumfar ya tsaya yana jira. An yi masa bayani ya ce to. Washegari ya sake komawa. Ko da aka cire rumfar aka kafa ƙofar ƙarfe a wurin, bai daina tsayawa yana sallama ba.

Injiniya bai zauna ya naɗe hannu ba. Ya sa wa ɗansa riga mai kyau, ya dogara sanda, ya shiga bin sitocin ɗaya bayan ɗaya yana gabatar da shi ga masu gadi da 'yan dako. Na taɓa tarar da shi yana yi, kuma da na san abin da zan gani da na sauya hanya. Tsoho ya tsaya gaban wani mai gadi, ɗa mai furfura a gemu na gefensa, yana cewa, "Wannan ɗana ne, nan gidan muke. Ba ya ɗaukar kayan kowa. In ya gaishe ka, ka daure ka amsa. In ya yi ba daidai ba, ka yi masa faɗa, ba komai. Kana ma iya aikensa, in abin ba mai wuya ba ne."

Mai gadin mutumin kirki ne, ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Baba, wallahi na ji, kuma zan yi. Amma ni ƙarshen watan nan za a maida ni wani sito. Sai dai ka gaya wa wanda zai zo."

Ya gaya wa wanda ya zo. Ya gaya wa wanda ya biyo bayan wannan. 'Yan dako kuwa yau waɗannan ne, gobe wasu, ba mai kwana a layin, ba mai sanin sunan wani. Da la'asar ta yi sanyi sai a ja ƙofofin ƙarfe, a sa kwaɗo, kowa ya kama gabansa.

'Yarsa ta yi iya ƙoƙarinta, kada a ce ban faɗa ba. Mace ce mai zumunci, mijinta ma ba shi da matsala. Ta gyara musu ɗaki a gidanta, ta zo da kuka ta ce, "Baba, don Allah ku taho. Me ya rage muku a nan?" Ya yarda a gwada, aka kai Sufeto ya ɗan kwana biyu. Unguwa ce mai dogayen katangu, kowa da get ɗinsa, mutane a cikin mota suke fita, a cikin mota suke dawowa. Sufeto ya wuni a bayan get yana leƙe ta ƙasa, ba ƙafar da ta gifta. Ya daina cin abinci, ya daina magana. Dole aka dawo da shi. Injiniya ya ce, "Kin gani ko? A nan dai akwai Iya."

Iya mai tireda ce ta rage, ita kaɗai. Ta makance, tiredar ta zama kwalin ashana ɗaya da sabulun da ya bushe, amma tana nan a ƙofar gida, kuma bakin nan bai mutu ba. Kullum Sufeto zai ɗebo ruwan da ba ta buƙata, ta yi masa faɗa ya zubar mata a ƙafa. Sai ta faɗi a banɗaki ta karya ƙugu. Ɗanta ya zo ya ɗauke ta, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Ana sa ta a mota tana lalube da hannu tana cewa, "Ina mijin nawa? Kai, ka riƙa cire takalmi in za ka shiga gidan mutane, ka ji ko?" Ya ce ya ji. Ya tambaye ta yaushe za ta dawo, ta ce sai ta ga hali.

A shekarar ne ciwo ya kama Injiniya ta ɓarin hagu, hannu da ƙafa suka saki. Aiki ya tsaya. Kekunan da ba a zo karɓa ba suka yi ta tara ƙura a ɗakin gaba. 'Yar ta ɗauko wata mata mai yi musu girki da wanki, ita kuma tana zuwa duk sanda ta samu sarari. Duk da haka ya kafe, ba zai sayar ba, ba zai tashi ba. Ita ce ta zo rumfata ta ce, "Kawu, kai yake jin maganarka. Je ka lallashe shi."

Zuwana na ƙarshe ke nan, kafin rasuwarsa da kaɗan. Da hantsi ne, layin cike da motoci da hayaniyar sauke kaya. Na tarar an fito da shi an zaunar a kujera a bakin ƙofa, an rufa masa zane a ƙafa. Ya rame ƙwarai. Na zauna a dakali na fara kewaye-kewaye, ban kai ga maganar ba ya ce, "Na san abin da ya kawo ka. Nan ne gidansa. Nan aka san shi." Na bar maganar, don ba na iya yi wa mara lafiya gardama.

Sufeto yana can tsakiyar layi, ya tsaya a gaban ƙofar ƙarfen da ke inda gidan Iya yake a da, yana sallama. Wata babbar mota ta shigo, ta danna ham, bai kula ba. Direban ya zuro kai ta taga ya daka tsawa, muryarsa ta cika layin.

"Kai mahaukaci! Kauce ka ba mutane hanya, ko in bi ta kanka!"

'Yan dako suka kwashe da dariya. Na ga hannun Injiniya mai lafiyar ya damƙi hannun kujera, ya yunƙura zai tashi, jikin ya ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya koma ya zauna. Ni kuma na miƙe, amma kafin in taka, abin ya riga ya wuce.

Sufeto ya waiwaya bayansa. Ya duba hagu, ya duba dama, yana neman wanda ake nufi. Bai ga kowa ba. Ya matsa gefe motar ta wuce, har ya ɗaga wa direban hannu, sannan ya taho wurinmu da sauri, fuskarsa cike da damuwa. Ya durƙusa a gaban uban.

Ya ce, "Baba, da wa yake? Akwai mahaukaci a layinmu?"

Injiniya ya ɗora hannu a kan furfurar ɗansa. 

"Ba da kai yake ba, Babana. Wani ne. Ya riga ya wuce."

"Wayyo," in ji Sufeto. "Allah ya ba shi lafiya."

"Amin."

Ya tashi ya koma bakin ƙofar ƙarfen, ya ci gaba da sallamarsa. Ni dai na juya fuskata ga bango. Motoci na ta shiga suna fita. Can Injiniya ya yi magana, bai kalle ni ba.

"Dillali, gaya wa ƙanwarsa ta zo ta ɗauke shi. Ka kawo mai sayen."